Ƙyallin da ke ɓoye aibi: yadda fitilar ƙubba ke aiki a ƙarƙashin maikiroskop

Duk wanda ya taɓa sa ido a maikiroskop mai ido biyu, irin wanda ke kan teburin masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya san wannan matsalar. Ka ɗora fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin waya, ka kunna fitilar zoben da ke kewaye da bakin gilashin, ka daidaita har komai ya fito sarai. Koren fanel ya fito, baƙaƙen aisi, wato 'yan ƙananan guntayen lantarki (IC) da ke manne a kansa, sun fito, rubutun da ke jiki ma ana karanta shi. Amma wurin da ka fi buƙatar gani, wato inda dalma ta kama ƙafar aisi, sai ka tarar da ɗigon haske fari fat mai kashe ido, gefensa kuma baƙi ƙirin. Tsakanin farin da baƙin babu abin da za ka karanta. A nan mutane da yawa suke yanke hukuncin cewa na'urar ce ba ta da kyau, su fara tara kuɗin wata mai tsada. Sau da yawa kuwa gilashin lafiyarsa ƙalau. Hasken ne bai dace da abin da ake dubawa ba.

Don a gane dalili, sai an raba abubuwa gida biyu bisa yadda suke mayar da haske. Abu mai kaushi, kamar takarda ko alli, idan haske ya dake shi watsa shi yake yi ta kowace fuska, shi ya sa duk inda ka tsaya kusan ɗaya kake ganinsa. Johann Heinrich Lambert ya yi bayanin wannan a lissafe a 1760, har yau da sunansa ake kiran irin wannan watsuwar. Abu mai sheƙi kuwa, kamar dalma ko zinariya ko gogaggen ƙarfe, ba ya watsa komai. Kusurwar da haske ya sauka da ita, da ita yake tashi, zuwa fuska ɗaya tak. Idan idonka na kan wannan hanyar, ƙyalli ya kashe maka ido. Idan ka kauce kaɗan, duhu. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna Alƙahira a ƙarni na 11, ya daɗe yana nazarin wata tambaya da ta shafi wannan kai tsaye: idan ga fitila, ga ido, ga madubi mai siffar ƙwallo, a wane wuri ne a jikin madubin hasken zai daka ya shiga idon? Ɗigon dalma ɗan ƙaramin madubi ne mai siffar ƙwallo. Abin da kake gani a kansa hoton fitilarka ne. Shi ya sa idan ka ƙura wa ƙwayoyin dalmar da aka jera a ƙasan aisi ido, za ka ga ɗan zoben haske a kan kowace ɗaya, idan ka ƙara girma ma sai ka ƙirga ƙwayayen fitilar.

Lissafin ba shi da wuya, kuma shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Gilashin yana kallo ne daga sama. Wurin da yake shimfiɗe sumul yana nuna maka abin da ke bisansa daidai. Wurin da ya karkata da digiri 10 yana nuna maka abin da ke digiri 20 daga saman. Wanda ya karkata da 20 yana nuna na 40. Kullum ninki biyu ne. To, ɗauki fitilar zobe mai faɗin santimita 7, tana rataye santimita 10 sama da fanel, wanda shi ne tazarar aiki ta yawancin maikiroskop masu ƙara girma daga sau 7 zuwa sau 45. Haskenta na zuwa ne daga kusan digiri 20. Ke nan wuraren da suka karkata da kusan digiri 10 kaɗai za su yi haske. Duk sauran jikin dalmar yana kallon wuraren da babu fitila: rufin shago, jikin na'urar, rigar mai gyara. Ƙara wa fitilar ƙarfi ba ya magance komai. Farin ne zai ƙara fari, baƙin yana nan yadda yake.

Maikiroskop mai ido biyu yana da wata damuwa ta daban a kan wannan. An gina shi ne da hanyoyin gani guda biyu, kowane ido da tasa, suna kallon abu ɗaya daga kusurwoyin da suka bambanta da 'yan digiri, daga nan ƙwaƙwalwa take haɗa zurfi da tudu. Haka tsarin Horatio Greenough yake, wanda kamfanin Zeiss ya fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1890, haka ma tsarin babban gilashi ɗaya da American Optical ya fito da shi a 1957. Tunda kusurwar kowane ido daban ce, ƙyallin da idon hagu ke gani ba a wurin da na dama ke ganinsa yake ba. Ƙwaƙwalwa sai ta yi ta ƙoƙarin haɗa su, ɗigon hasken ya zama kamar yana lilo, ba a kan fuskar dalmar yake zaune ba. Mai aiki ya wuni a haka, da yamma idonsa ya yi nauyi, ya ce ai girma ne ya fara kama shi.

Fitilar ƙubba amsa ce ga wannan lissafin. Tunda abu mai sheƙi yana nuna duk abin da ke kewaye da shi, sai a mai da duk abin da ke kewaye da shi fitila. Siffarta kamar ƙwarya ce a kife, cikinta an shafe shi da farin fenti marar sheƙi, an huda tsakiyar samanta don gilashin ya leƙa. Ƙwayayen LED suna jere a bakin ƙasa suna kallon sama, an kuma kare su yadda ko ɗaya ba zai haska abin da ake dubawa kai tsaye ba. Hasken ya daki farin bango, ya watse, ya sake dukan wani ɓangaren bangon, ya ƙara watsewa, kafin ya sauko. Idan ya iso, ba ka iya cewa ga inda ya fito. Wurin da ya karkata da digiri 5 yana kallon farin bango, na 15 ma haka, na 30 ma haka, duk kuma farinsu ɗaya. Sai dalmar ta fito da launinta na azurfa, a daidaice, siffarta na karantuwa daga sama har ƙasa. Dabarar ta girmi LED nesa ba kusa ba. A 1900 Richard Ulbricht ya bayyana wata ƙwallo mai farin ciki da ake auna jimillar hasken fitila da ita, har yau ana amfani da ita a ɗakunan gwaji, ana shafe cikinta da sinadarai irin su bariyam salfet. Ƙubbar rabin wannan ƙwallon ce. Masu harkar kyamarorin tantance kaya a masana'antu suna kiran irin wannan haske da hasken ranar gajimare, domin haka sararin sama yake yi idan hadari ya lulluɓe rana: ko'ina fari, inuwa ta ɓace.

Me ake gani a ƙarƙashinta da ba a gani a da? Mu tsaya a kan dalma, domin a nan ne ta fi nuna amfaninta. Tsohuwar dalma mai kashi 63 na kuza da 37 na darma (ƙarfen da ake kira lead da Turanci) tana narkewa a digiri 183 na zafi, idan ta kama da kyau kuma sheƙi take yi, har masu gyara suka saba cewa mai sheƙi ita ce mai kyau, dusassa kuma ba ta dahu ba. Daga Yulin 2006 dokar RoHS ta Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da darma a kayan lantarki, masana'antu suka koma gaurayen kuza da azurfa da tagulla, mai narkewa wajen digiri 217. Ita wannan ko ta kama lafiya lau, dishi-dishi take fitowa, da ɗan kaushi. Sheƙi ya daina zama shaida. Abin da ya rage shi ne siffa: shin dalmar ta malala ta hau ƙafar da gangare mai ɗan kwarmi, ko ta dunƙule ta tsaya kamar ba ta son wurin? Ƙa'idar IPC-A-610, wadda masana'antun haɗa kayan lantarki ke bi wajen karɓa ko ƙin aiki, tana duba kusurwar da dalma ta haɗu da ƙarfen, galibi ana so kada ta wuce digiri 90. Wannan gangaren shi ne ainihin abin da fitilar zobe ke jefawa cikin duhu, ƙubba kuma take fito da shi. Tsaga a jikin dalma ma haka: hasken da ya shiga rami ba ya fitowa, sai tsagar ta fito baƙin layi a kan fili mai haske ɗaya, babu ƙyallin da zai ɓoye ta. Tsatsar da ruwa ke bari a fanel, mai kore-kore ko fari-fari, launinta na gaskiya yake fitowa. Ka tuna kuma cewa wasu kayan da ke cikin wayoyin yanzu tsawonsu milimita 0.6 ne, faɗinsu 0.3, akwai ma na 0.4 da 0.2. Ɗigon ƙyalli ɗaya ya isa ya rufe ƙafar irin wannan gaba ɗaya.

Idan aka ɗora kyamara, buƙatar ta ninka. Ido yana da haƙuri, yana iya jure haske da duhu a wuri ɗaya, mai aiki kuma yakan ɗan karkata fanel ya kauce wa ƙyalli. Kyamara ba ta da wannan. Hoto na yau da kullum matakai 256 yake da su tsakanin baƙi da fari a kowane launi. Wurin da ya kai maƙura ya ƙone ke nan, babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a ɗauka ba. Ka rage haske don ceton wurin, sauran hoton ya nutse. Masu ɗaukar hotuna da yawa a zurfi daban-daban su haɗa su da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker sun fi kowa sanin ciwon: kowane ɗigon ƙyalli yana kumbura idan ya fita daga daidaito, manhajar ta bar hazo a kewayensa. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Ƙubba na rufe abin daga hasken ɗaki, don haka hoton safe da na dare ɗaya suke fitowa. Ga wanda ke kwatanta kayan yau da na makon jiya, wannan kaɗai ya biya kuɗinta.

Masana ƙwari suna cikin waɗanda suka rungumi wannan fitila da hannu biyu. Jikin buzuzu da na ƙananan zanzaro sheƙi yake yi kamar an shafa masa mai, alhali bambancin wani jinsi da wani yakan tsaya ne a kan 'yan ramuka da zane-zanen da ke jikin ɓawon. A 2008 Kerr da Fisher da Buffington suka wallafa bayanin yadda ake haɗa ƙubba don ɗaukar hoton ƙwari a mujallar American Entomologist, a 2016 kuma Kawada da Buffington suka fitar da wani tsarin mai rahusa, mai girma daban-daban, a PLoS ONE. Abin da ya burge ni a aikinsu shi ne ba su ɗauka cewa sai mai kuɗi ne zai yi hoto mai kyau ba. Ɗakunan binciken noma da kasafinsu bai taka kara ya karya ba suna iya bin sawunsu.

Sai dai masu talla ba sa faɗin iyakarta, kuma iyakar daga wancan lissafin na ninki biyu take fitowa. Wurin da ya karkata da digiri 45 yana kallon gefe ne sak, wato bakin ƙubbar na ƙasa. Duk abin da ya fi haka tsayuwa ƙasa yake kallo, sai ya nuno maka fanel ɗin ko farantin da aka ɗora abin a kai. Ke nan ko ƙubbar da ta fi kowacce kyau ba za ta haska gefen ƙwallon dalma har ƙasa ba. Za ka ga baƙin da'ira ko kore a kewaye, kuma ba aibi ba ne. Farin faranti a ƙasa yana rage wannan. Haka kuma dole abin ya zauna a tsakiya, daidai da bakin ƙubbar. Ka ɗaga ta sama da 'yan santimita don hannu ya samu shiga, ka yi asarar hasken gefe, ta koma fitilar sama kawai.

Sai kuma hudar da ke sama. Wurin da yake shimfiɗe sumul ita yake kallo, cikinta kuwa duhu ne. Shi ya sa a tsakiyar kowane ɗigon dalma za ka ga baƙin tabo, gogaggen ƙarfe shimfiɗaɗɗe kuma yana iya fitowa baƙi gaba ɗaya a ƙarƙashin fitilar da aka saya don ta haska shi. A maikiroskop mai ido biyu abin ya fi tsanani, domin hudar sai ta wadaci hanyoyi biyu, kuma a kan madubi shimfiɗaɗɗe idon hagu cikin gilashin dama yake leƙawa. Masana'antu suna toshe wannan giɓin da madubi mai barin rabin haske ya wuce, a karkace bisa hudar, yana sauko da hasken wata fitila ta hanyar da gilashin ke kallo. Wanda ba shi da wannan sai ya karkata abin da 'yan digiri, ko ya rage hudar da farar takarda idan ta ido ɗaya kyamarar ke ɗauka.

Babbar maganar, a ganina, ita ce abin da ƙubba ke ɓoyewa. Inuwa ita ke gaya wa ido cewa nan tudu ne, can kwari. Ƙubba ta kashe inuwa, saboda haka abu marar sheƙi yakan fito a baje, kamar an zana shi. Karce a jikin gogaggen ƙarfe ɗan kwari ne mai bango biyu a karkace. A ƙarƙashin ƙubba bangon na kallon fari, filin da ke gefensa ma, muddin ba hudar yake kallo ba, yana kallon fari, sai karcen ya kusan ɓacewa. Ka kashe ta, ka kawo fitila ɗaya daga gefe can ƙasa, kusan a kwance: filin ya yi baƙi domin haskensa ya wuce gefe, karcen kuma ya kama wuta. Lambar da aka zana da lesa a bayan baƙar aisi, ƙura, gashi, sawun gugar da ake yi don a sake wa aisi lamba, duk hasken gefe ne ke tona su. Wanda aikinsa neman karce ne ya sayi ƙubba ya sayi abin da zai rufe masa ido. Wanda kuma ke ɗaukar hoton tsohuwar waya ko zoben zinariya ko tsohon kwabo don sayarwa, ya san cewa hoton ƙubba ya fi kayan kyau. Idan ya tura shi kaɗai bai haɗa da na hasken gefe ba, akwai haƙƙin mai saye a wuyansa, ko da bai taɓa hoton da manhaja ba.

Shi ya sa manyan injinan duba fanel ba sa dogara da haske iri ɗaya. Wasu, kamar na Omron, suna jera zobba ja da kore da shuɗi a kusurwoyi daban-daban, ta yadda launin da ya bayyana a kan dalma zai faɗi yawan karkatarta. Wasu ƙubbobin kuma an raba su kashi-kashi, a kashe rabi a bar rabi, inuwa mai laushi ta dawo. Akwai kuma masu kashe ƙyalli da matatun haske guda biyu a gicciye, ɗaya a bakin fitila ɗaya a bakin gilashi. Wannan yana da kyau ga roba da jiƙaƙƙen abu da man dalmar da ya rufe fanel, amma ƙarfe tsura baƙi yake mai da shi, domin hasken da ya tace shi ne kaɗai hasken da ƙarfen ke da shi. Ƙwayoyin da ke ƙarƙashin aisi bayan an ɗora ta kuwa, babu fitilar da za ta nuna su, sai hoton X-ray.

Ga mai gyaran waya, hukuncina a taƙaice shi ne kada ya cire fitilar zobensa. Ƙubba ta rufe wurin aiki, hantsaki ba ya shiga, ƙarfen narka dalma ba ya shiga, iskar bulowa kuma narka ta za ta yi. Leica ta yi tata, LED5000 HDI, da roba mai lanƙwasuwa da ake naɗewa sama don a kai hannu, amma ko ita don dubawa da hoto aka yi ta. A yi aiki da zobe, a gama, a wanke man dalma, a bari fanel ya huce, sannan a kifa ƙubba a duba.

Ba kuma sai an sayi mai tsada ba. Akwai hanya ta biyu, inda hasken ke zuwa daga waje ya ratsa farin bango mai ɗan shara-shara. Farin kofi da aka yanke gindinsa, farar takarda da aka naɗe kamar bututu, ko rabin ƙwallon tenis na tebur, mai faɗin milimita 40, ga abu ƙarami: a kifa, a haska daga ɓangarori biyu ko uku, a ja fitilun baya kaɗan don kada bangon ya yi tabon haske. Amma a kula da abu ɗaya. Roba da kofin soso suna tara lantarkin goga, kuma busasshiyar iskar hunturu tana ƙara shi sosai, yana iya kashe aisi ba tare da ka ji komai ba. Kusa da fanel tsirara takarda ta fi aminci. Hasken zai ragu, domin kowane dukan bango yana cin wani abu, don haka kyamara za ta buƙaci tsawon lokaci kuma teburin kada ya motsa. Farin bangon ma ba kowanne ne fari na gaske ba, wani yana da ɗan rawaya, sai a daidaita launin kyamara da farar takarda a cikin ƙubbar kanta kafin a fara. Idan kuma aka ga layuka na yawo a allo bayan an rage fitila, daga marage hasken ne mai kunnawa da kashewa da sauri, a mai da shi ƙarshe a rage daga kyamara.

Hanyar gwada kowace ƙubba, saye ko haɗin gida, ita ce a nemo ƙwayar boris mai tsabta a ajiye ta a tsakiya a leƙa. Tunda madubi ce mai siffar ƙwallo, za ta nuna taswirar hasken gaba ɗaya: baƙin tabon hudar a tsakiya da girmansa, farin bango kewaye da shi, da inda bangon ya ƙare farantin ƙasa ya fara. Idan an hango ƙwayayen LED a jikinta, kariyarsu ba ta isa ba. Idan gefe ɗaya ya fi haske, a matsar da fitilar wannan gefen. Idan farin bai kai kusan kashi 70 cikin ɗari na faɗin ƙwayar ba, wanda nan ne digiri 45 yake faɗawa, ƙubbar ta yi sama, a sauko da ita.